Yaƙin Hudu da Motarsa a Fadamar Marke

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai, wanda Ya halicci ƙarfe, kuma Ya halicci tsatsa don kada ƙarfe ya yi girman kai. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugaban halitta da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, a gyara zama. Mai tsintar shinkafa ta ci gaba da tsintarta, kunne ba ya hana hannu aiki.

Wannan tarihin sadauki ne ɗan sadaukai, Hudu ɗan Mati, Mati ɗan Barau, Barau ɗan Tanko mai jaki, Tankon nan da jakinsa ya kayar da shi a tsakiyar kasuwa ranar da ta fi cika, ya tashi ya kakkaɓe riga ya ce da ma nan zai sauka. Shi ya haifi Barau ma'abocin keke, wanda ya yi shekaru yana zuwa gona riƙe da keken a hannu saboda sarƙa ta ƙi zama. Shi kuma ya haifi Mati mai babur, wanda har ya koma ga Mahaliccinsa mutane ba su daidaita ba, shi ke hawan babur ɗin ko babur ɗin ke hawansa. Zuri'a ce mai albarka, mai sallah a kan lokaci, ba a taɓa kama su da kayan wani ba, sai dai Allah Ya jarrabe su da abin hawa kamar yadda Yake jarrabar wasu da ciwon baya.

Daga wannan tsatso Hudu ya fito. Hudu na Barira, mai wankin hula a bakin kasuwar Kazaure, gwarzon sitati, mai sa hula ta miƙe tsaye ko da mai ita ya sha kunya! Sarkin Yaƙin Gangare, Barden Turi, dodon maƙwabta bayan sallar asuba! Shi ne ya maido wa gidansu da ƙafa huɗu irin na zamanin kakansa Tanko, ya sayi mota, tsohuwar da waɗanda suka ƙera ta ma in sun gan ta sai sun tambayi sunanta. Mutanen unguwa ba su sha wahalar raɗa mata suna ba. Sai-an-Taimaka suke ce mata.

Ciwonta ɗaya ne, ba ta tashi da makulli. A murɗa, ta ce ƙyas, ta yi shiru, kamar yarinyar da ake tasa sallar asuba. Saboda haka Hudu ya haddace gangaren garin kaf, fiye da yadda ya haddace sunayen 'ya'yan ƙannensa. Wanzaminsa a kan tudu yake, mahaucinsa a kan tudu, gaisuwar rasuwa ma in gidan a kwari yake sai ya ajiye mota a sama ya gangara da ƙafa. Inda babu gangare kuwa sai rundunar maƙwabta. Liman na sallamewa Hudu zai miƙe ya tsaya a bakin ƙofa yana murmushi, har ta kai magidanta masu furfura sun koyi doguwar addu'a bayan sallah, wasu kuma suka gano ashe masallacin yana da ƙofar baya.

Duk wannan bala'i Hudu bai taɓa tuhumar kowa ba sai batir. A kansa ya ɗaura ɗamara, a kansa ya yi ta kai hari.

Harin farko, ya buɗe bonet ya tarar wani farin gari ya toho a kawunan batir kamar funfuna a kan tuwon jiya. Ya aika cikin gida aka kawo butar shayin Barira tana tafasa, ya kwarara, ya bi da burushin wankin hula ya goge har ƙarfe ya yi ƙyalli. Mota ta tashi. Aka yi sulhu na kwana biyu, sannan abokin gaba ya warware alkawari.

Ya sake ɗaura ɗamara. Wannan karon ya ga kan batir ɗaya yana rawa, ya samo ƙusa ya kafa masa da dutse, yana dukan yana cewa, "Yau za ka san wanda ka taɓa!" Da wannan ma bai yi ba, sai ya ciccibi batir ɗin a ka, ya ratsa kasuwa da shi tsakar rana zuwa shagon mai caji, kamar mai ɗauke da kan sarkin abokan gaba, ruwan batir yana ɗiga masa a kafaɗa bai sani ba. Washegari Barira ta ɗaga babbar rigarsa ta Juma'a ta hango shi ta cikinta. Ta yanka abin da ya rage ta yi tsumman goge murhu.

Daga ƙarshe ya yanke hukuncin da sarakai ke yankewa in hakimi ya gagara, ya tuɓe tsohon batir ya naɗa sabo fil. Sabon ya yi mulki na adalci mako guda, sannan ya bi sahun na gabansa.

To ga abin da ba wanda ya gaya wa Hudu, shi ma bai tambaya ba, don namiji ya fi son ya tura mota shekara da ya yi tambaya sau ɗaya. Batir randa ce. Ba ta haƙa rijiya, abin da aka zuba mata shi take ajiyewa. Mai ga-ruwan da ke cika ta wani dunƙulen ƙarfe ne a gefen inji, ana ce masa altaneta, akwai bel da ke juya shi in mota na tafiya. In mai ga-ruwa ya daina zuwa, ki wanke randa, ki liƙe randa, ki fasa ta ki sayo sabuwa, gidanki dai da ƙishirwa zai kwana. Kuma motar ba ta ɓoye masa ba, baiwar Allah. Akwai wata 'yar jar fitila a gaban sitiyari da ta yi wata da watanni tana kunne tana kai ƙara. Hudu ya ga tana damun idonsa, sai ya sayo takardar addu'ar hawa mota mai gam a baya, ya manna a kanta. Addu'a ba ta da laifi, Allah Ya tsare mu da faɗin haka. Inda aka manna ta ne ba wurinta ba.

Ana nan cikin wannan hali, a tsakiyar damina, sai babban al'amari ya taso. Mahaifin Barira, Malam Inuwa na ƙauyen Marke, ciwon yanar ido ya rufe masa ido biyu, har ya kai ba ya bambance mutum da kututture sai an yi sallama. Likitocin ido suka sauka a asibitin gari suna aiki kyauta, kuma labarin bai iso kunnen Barira ba sai ana gobe za su tattara.

Ta tsaya a kan Hudu yana cin tuwo ta ce, "Ni zan yi sammako in kama wa Baba layi. Kai ka je ka ɗauko shi. Ana kiran azahar za su rufe karɓar mutane, in aka rufe kuwa sai baɗi, in ma sun dawo. Don Allah Malam, motar nan za ta kai?"

Hudu ya ajiye loma ya ce, "Jiya na karɓo batir daga caji. Cike yake taf."

Ta ce, "Allah Ya sa." Ta ɗauke kwanon miya.

Sai an san tsakanin Hudu da surukinsa kafin a gane girman wannan yaƙi. Tun da aka ɗaura auren, Hudu bai taɓa cin abinci a gaban Malam Inuwa ba, bai taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba, bai taɓa taka takalmi inda yake ba, bai taɓa ɗaga murya ta wuce ta mai jinya ba. In zai yi magana sai ya tsuguna ya kalli ƙasa ya gaya wa ƙasar. Shi ma tsohon bai taɓa kama sunan Hudu ba. In ya tashi tambayarsa sai ya ce wa 'yarsa, "Ya mutanen Kazaure?" Kunya ce irin ta mutanen da, wadda yanzu sai an tona.

Gari ya waye da ruwa. Sadauki ya yi alwala, ya yi addu'a, ya murɗa makulli, Sai-an-Taimaka ta tashi bugu ɗaya, har wani maƙwabci da ya riga ya ɓuya a bayan ƙyaure ya fito yana mamaki. Hudu ya kama hanya cikin izza, ya kunna fitilu saboda duhun hadari, ya kunna abin share gilashi, ya ƙure rediyo ana karatu, duk wanda ya gani a hanya ya danna masa ham ko bai san shi ba. Kowane ɗaya a cikin waɗannan moɗa ce a cikin randa, kuma ba mai zubawa.

Ya isa Marke, ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya tsuguna a ƙofar zaure aka yi gaisuwa mai tsawo, aka gaida damina, aka gaida gajiya, aka gaida mutanen Kazaure ɗaya bayan ɗaya. Malam Inuwa ya fito da sandarsa da butarsa da tabarmarsa, ya lalubi ƙofa ya zauna a baya. Hudu ya dubi takalmansa. Tsohon dai ba gani yake ba, amma kunya ba ruwanta da wannan. Ya jefa su a but, ya shiga da ƙafa tsirara. Ya murɗa makulli, mota ta yi nishi, ta yi tari, ta tashi da ƙyar kamar mai jego.

Tsakanin Marke da bakin kwalta akwai fadama. Ita ce filin da aka rubuta za a yi wannan gumurzu. Shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce kamar faifai, shinkafa dama shinkafa hagu, jar hanya a tsakiya, babu tudu babu gangare ko na tsawon taɓarya, har ruwan sama in ya sauka a wurin sai ya tsaya yana tunanin inda zai nufa. Suna shiga tsakiyarta muryar mai karatu a rediyo ta fara nisa. Abin share gilashi ya koma tafiyar hawainiya, ya je tsakiya ya tsaya. Inji ya yi gyatsa, ya sake yi, ya yi shiru. Sai-an-Taimaka ta ɗan gangara da sauran numfashinta ta tsaya cak.

Hudu ya murɗa makulli. Ƙyas.

Ya duba gabas ya duba yamma. Ba mutum ba babur, ruwa ya kore kowa, sai balbela. Ya zaro waya, babu sabis. A baya kuwa ba abin da ake ji sai ƙarar carbi. Ga rana ta fara leƙowa ta cikin gajimare, kuma ta yi sama fiye da yadda yake so.

Sadauki ya fita ya ɗaga bonet, ya koma ga dabarun da ya gada. Ya girgiza kan batir. Ya ƙwanƙwasa shi da dutse. Ya tofa masa yawu ya goge da gefen riga. Ya koma ya murɗa. Ƙyas.

Nan ne aka ji ƙofar baya ta buɗe. Malam Inuwa ya fito ya dogara sanda, ya juya wa Hudu baya, ya fuskanci shinkafa, ya yi gyaran murya, ya ce wa shinkafar, "Shekarun da aka yi ana riƙe da injin niƙa a garin nan, in bel ya saki, haka yake kuka kamar ɗan tsako. Tun daga ƙofar gida ake jin sa. An dai ga bai kamata a ce abin mutane yana da aibi ba."

Hudu ya tsuguna a gaban mota, ya ce wa lagireto, tankin ruwan inji, "Allah Ya ƙara wa masu injin niƙa lafiya."

Shinkafa ta karɓi amin.

Kukan nan Hudu ya san shi. Ya fi wata shida yana jin sa, ya ɗauka muryar motar ce haka, kowa da irin tasa. Ya miƙa hannu cikin inji ya lalubo bel ɗin, ya danna da babban yatsa, sai ga shi ya lotsa kamar igiyar shanya da aka rataya wa bargo. Ya taɓa altaneta, ta yi masa rawa a hannu. Notin da ke riƙe ta ne ya kwance, ta zame ta matso, bel ya saki, ga ruwan sama ya ƙara masa santsi, yana ta zamewa a banza. Wato duk watannin nan da aka yi ana dukan batir, ana ƙona shi da ruwan zafi, ana kafa masa ƙusa, ana tuɓe shi daga sarauta, bawan Allah bai ci nanin ba. Allah Ya isar wa batir.

Aka zo ga gyara. Sifana dai akwai. Amma sai wani ya banƙare altaneta da ƙarfi bel ya miƙe, wani kuma ya ɗaure noti, kuma Allah hannu biyu kawai Ya ba Hudu. Ya gwada da gwiwa, ya gwada da haɓa, noti ya ƙi. Ya tsaya yana haki. Ya za a yi mutum ya ce wa uban matarsa zo ka riƙe mini?

Sai Malam Inuwa ya sake ce wa shinkafa, "Sandar nan ta gaji da zaman banza. Da za a sa ta inda ya dace, mai ita zai iya dannawa."

Haka aka yi. Hudu ya karɓi sanda da hannu biyu, ya cusa ta tsakanin inji da altaneta, ya mayar da kanta hannun mai ita. Masu tarihi ba su taɓa rubuta irin wannan rana ba: suruki da suruki a ƙarƙashin bonet ɗaya, hula tana gogar hula, wannan ya kau da kai gabas wancan ya kau da kai yamma, tsoho yana danna sanda yana salati, Hudu yana murɗa sifana yana riƙe numfashi don kada iskar bakinsa ta taɓa surukinsa. Noti ya kama. Tsohon ya miƙa yatsa ya lalubi bel, ya fizge shi kamar mai gwada tsirkiya, ya ce wa iska, "Ya yi."

Hudu ya shiga ya murɗa makulli rabi, ya sa farce ya ɓamɓare takardar addu'a a hankali, ya mayar da ita sama kusa da madubi. Ga jar fitilar nan a ƙasa, ta dusashe kamar garwashin da toka ta rufe. Da sauran rai a batir ke nan, amma bai kai na tada inji ba. Sai turi.

Nan fa aka zo inda jarumai ke gudu. Turi mutum biyu yake so, ɗaya a baya ɗaya a sitiyari. A sa Malam Inuwa turin mota, dattijo mai furfura, uban Barira? Gara a kwana a fadama. A sa shi a sitiyari kuwa, mutumin da bai taɓa tuƙa komai ba sai amalanken shanu, kuma ba ya ganin tafin hannunsa? Hudu ya auna wannan ya auna wancan, ya dubi inuwarsa ya ga ta kusa shigewa ƙarƙashin ƙafarsa, ya tuna layin da Barira ke riƙe da shi tun asuba. Ya tsuguna ya ce wa taya, "Da za a daure a zauna a gaba, a danne wani ƙarfe da ƙafar hagu. In an ji magana daga baya a ɗaga ƙafar. In ta tashi a sake dannewa."

Malam Inuwa ya ce, "Bismillahi," ya tattare riga ya shiga. Ƙafarsa ta yi ta lalube ba ta sami kuloci ba. Kama ƙafar suruki ba abin yi ba ne, sai Hudu ya ɗauki sandar ya ƙwanƙwasa ƙarfen, tsohon ya bi ƙarar ya taka. Aka sa giya ta biyu, aka daidaita sitiyari ya kalli hanya.

Sarkin Yaƙin Gangare ya koma baya, a ƙasar da ba gangare. Ya naɗe hannun riga, ya kafa ƙafafunsa tsirara a jar laka, ya dafa but, ya ambaci Allah, ya tura. Jijiyoyin wuyansa suka tashi, laka ta yi ta tsartuwa ta tsakanin yatsunsa, tsakuwa tana cizonsa, Sai-an-Taimaka ta motsa, ta fara tafiya, ta ɗan yi sauri, lokaci ya yi, sai sadauki ya buɗe baki ya ce cikin ladabi, da muryar da yake gaisuwa da ita, "Baba, da za a ɗaga."

Ko balbelar da ke gefen hanya ba ta ji ba. Mota ta tsaya.

Ya huta, ya sake kai farmaki. Wannan karon da ta ɗauki gudu sai ya yi gyaran murya mai ƙarfi. Malam Inuwa ya leƙo da kai ta taga ya ce, "Na'am? An yi magana?" Ƙafarsa na nan daram a kan kuloci. Mota ta sake tsayawa.

Hudu ya dafa gwiwa. Ƙirjinsa yana bugawa kamar ana daka, tafin ƙafarsa ya fashe, ƙarfin da ya rage masa na turi ɗaya ne, ya sani. In wannan ya tafi a banza, tsohon nan zai sake shekara yana laluben ƙofar masallaci. Ya ce, "Allah Ka gani." Ya sunkuya, ya sa kafaɗa, ya tattaro ƙarfin Mati da na Barau da na Tanko mai jaki, duk turin da zuri'arsu ta yi tun farkonta, ya runtse ido, ya ruga da mota kamar sa ya ɓalle daga turke, sannan daga can cikin cikinsa wata tsawa ta fito wadda shi kansa bai san yana da ita ba:

"KAI! SAKI!"

Balbelu suka tashi gaba ɗaya. Malam Inuwa ya zabura ya ɗauke ƙafa. Mota ta yi tsalle, ta yi tari, ta fesa wa Hudu baƙin hayaƙi a fuska, ta ɗauka da ruri.

Sai dai maganar a sake dannewa ta fice wa tsohon. Sai-an-Taimaka ta kama hanya ita kaɗai, tana tafe tana zabura, da makaho a sitiyari, ya riƙe shi gam da hannu biyu yana ja baya kamar linzami, yana cewa, "Tsaya! Ke, tsaya mana! Innalillahi!" Hudu ya bi ta a guje, ƙafa ba takalmi, hula ta faɗi bai waiwaya ba, mai wankin hula guda. Mota ta fara karkata wajen shinkafa. Ya cim mata, ya cusa rabin jikinsa ta tagar ɗaya gefen, ƙafafunsa suna reto a waje, ya kai hannu ya bugi giya ta fita. Ta ɗan mirgina ta tsaya, taya ɗaya a bakin ruwa, inji yana ta aikinsa lafiya lau. Ya ɗaga kai daga cinyar surukinsa ya dubi gaban sitiyari. Jar fitila ta mutu. Mai ga-ruwa ya dawo bakin aiki.

Aka yi musayar wuri. Har suka hau kwalta, har suka shiga gari, ba a ji komai ba sai carbi. Maganar tsawar nan kuwa, daga ranar har yau ba wanda ya tayar da ita a cikinsu, kuma ba za a tayar ba.

Suna shiga ƙofar asibiti ladan yana gwada lasifika. Barira ta taho a guje, ta dubi mijinta, laka har gira, ba hula ba takalmi, ta kama hannun ubanta ta yi ciki da shi. Shi ne na ƙarshe da aka karɓa. Aka yi aiki, aka rufe idon da auduga, aka ce ya kwana.

Washegari da hantsi aka buɗe. Malam Inuwa ya ga fuskar 'yarsa, ya ga hasken Allah, ya yi hamdala har ya yi ƙwalla, duk da likita ya hana. Suka fito, ba mai riƙe da hannunsa. Hudu yana tsugune a gefen mota, ya wanke ta tun da asuba, ya buɗe ƙofar baya yana jira.

Tsohon ya tsaya. Ya dubi Sai-an-Taimaka da sabon idonsa. Ya zagaya ta a hankali. Ya ga ƙofar da aka ɗaure da igiyar guga. Ya ga gilashin baya na leda. Ya ga tayoyin nan sumul kamar kan jariri, ɗaya har zare ya leƙo. Ya sunkuya ya leƙa wurin zaman direba, ya hango ƙasa ta wani rami daidai inda ya ajiye ƙafarsa jiya.

Ya ce, "Barira, da wannan aka kawo ni?"

"Da ita, Baba."

"Ita na tuƙa?"

Barira ta kalli ƙasa.

Malam Inuwa ya jima yana jinjina kai. Ya ce, "Lallai Allah Shi ke tsare bawansa. A gaya wa mutanen Kazaure an gode, Allah Ya yi albarka, Ya saka da alheri." Ya gyara zaman sandarsa ya ce, "Ina ne tasha?"

A motar haya ya koma Marke, an matse shi tsakanin buhun gishiri da wata mata mai kaji. Sarkin Yaƙin Gangare, Barden Turi, ɗan Mati jikan Barau, ya murɗa makulli ta tashi bugu ɗaya, ya bi su a baya sannu a hankali, ɗauke da buta da tabarma.

Allah Ya ba mu lafiyar ido. A tashi a ɗora tukunya, rana ta yi.